Kwamfuta za ta ƙera maka umarnin baki ɗari uku a minti ɗaya, rigimar tana wajen bakinka da kunnenta

Jama'a bari in ɗan yi fashin baƙi a kan wata tambaya da ake yawan yi min tun ranar da wasu suka shigo ofis suka tarar ina ta magana da kwamfuta ni kaɗai kamar mai aljanu, wato shin dole sai mutum ya zauna ya rubuta umarnin baki ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, ko akwai yadda za a yi kwamfutar ta ƙera su da kanta? A gajarce akwai, hanya uku ma ko huɗu, sai dai wanda ya tsaya a gajeriyar amsar nan zai sha irin wahalar da na sha, shi ya sa zan ɗan ja zancen, ku yi haƙuri da ni.

Ni dai ba don gayu na shiga harkar nan ba. Wuyan hannuna ne ya fara ciwo, irin ciwon nan da yake tashi daga gindin babban yatsa ya hau har gwiwar hannu, kuma aikina kaf kibod ne da maus, wasiƙu da rasit da jadawalin diloli kusan sittin, kullum abu ɗaya, buɗe foldar wane, nemo rasit ɗinsa na ƙarshe, fara masa wasiƙa, sa adireshi, tura. Likita ya ce in rage kibod, na ce a raina ai kamar ka ce wa direba ya rage taɓa sitiyari ne. To daga nan na koma Dragon, manhajar nan da take jin magana ta rubuta, na Professional ɗin, don shi ne yake ba ka damar ƙirƙirar naka umarnin sosai. Na buɗe wajen ƙirƙirar, na rubuta suna, na rubuta abin da zai yi, na zaɓi manhajar da zai yi aiki a ciki, na adana. Na sake. Na sake. Wallahi a wajen na arba'in na tsaya na yi lissafi, diloli 60 sau ayyuka 5, umarni 300 ke nan, kuma da hannun nan da nake gudun amfani da shi nake rubuta su. Wato maganin ya koma ya zama ciwon.

Kafin mu je ga hanyoyin sai an fahimci wani abu guda, in ba haka ba sauran zancen ba zai zauna ba. Manhajar jin magana aiki biyu take yi, kuma ba iri ɗaya ba ne ko kaɗan. Akwai shifta, irin wadda malamin firamare yake yi mana, kana faɗa tana rubutawa, a nan kowace kalma a duniya za ta iya fitowa daga bakinka don haka injin yana lalube ne a cikin dubban kalmomi yana canka wadda ta fi dacewa da ta gabanta. Sannan akwai umarni, inda aka ba injin takaitaccen jerin jimloli aka ce masa in ka ji ɗaya daga cikin waɗannan, kar ka rubuta, ka aikata. Na biyun ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ma shi ya riga zuwa duniya, injin da Bell Labs suka yi a 1952 lambobi kawai yake ganewa, na IBM da suka nuna a 1962 kalmomi 16 ne iyakarsa, ita kuwa shiftar da mutum zai yi magana a jere ba tare da tsayawa bayan kowace kalma ba sai 1997 ta shigo kasuwa sosai da Dragon NaturallySpeaking, na kamfanin da James Baker da matarsa Janet Baker suka kafa a 1982. Abin riƙewa a nan shi ne ƙarfin umarni yana cikin ƙarancinsa, idan zaɓi goma ne a gaban injin da wuya ya kuskure, idan dubu uku ne kuma da yawansu suna kama da juna to ka mayar da shi kasuwa ranar cinta.

Shi kuma umarnin, in ka feɗe shi, abu uku ne kacal a cikinsa. Lafazin da za ka furta, aikin da za a yi in an ji, sai wurin da yake da izinin aiki, wato ko'ina ne ko sai cikin Word kawai ko sai a wata taga guda. Duk ukun nan rubutu ne. Tagar nan mai kyau da kake cikewa da maɓallai fuska ce kawai, a bayanta rubutu ne ake ajiyewa a fayil. Kuma duk abin da yake rubutu ne mai tsari ɗaya, wani firogiram zai iya rubuta shi. Nan ne gaba ɗaya sirrin yake, babu wani tsafi.

Hanyar da mutane suka fi fara tunani, ni ma da ita na fara, ita ce a sa wani abu irin AutoHotkey ya riƙa danna maɓallan tagar a madadinka, ya buɗe, ya liƙa suna, ya danna Tab, ya liƙa aiki, ya adana, ya koma. Tana yi, amma kar ka ɓata lokacinka, da zarar kwamfutar ta ɗan yi nauyi na daƙiƙa ɗaya ko wani saƙo ya faɗo a kan allo sai komai ya goce, ka dawo ka tarar adireshin wani ya zama sunan umarni.

Hanya ta gaskiya ta farko ita ce ka rubuta fayil ɗin kai tsaye. Dragon yana bari ka fitar da umarninka waje a matsayin XML, wato wani tsarin fayil na rubutu zalla da manhajoji suke karantawa, sannan ka shigo da su. To sai ka yi guda biyu da hannu, masu kama da juna, ka fitar da su, ka buɗe fayil ɗin da Notepad ka ajiye su kusa da kusa ka ga ina ne suka bambanta. Za ka ga kusan komai iri ɗaya ne, wuri biyu ko uku ne kawai suke canzawa. Abin da bai canzawa shi ne mazubinka, kamar na mai buga bulo, wuraren da suke canzawa kuma su ne inda za a zuba kaya. Daga nan sai ɗan firogiram da bai wuce layi talatin ba, a yaren rubuta firogiram da ake kira Python, ya karanta jadawalin Excel layi-layi, ya ɗauki sunan dila da foldarsa da adireshinsa ya zuba a mazubin, ya haɗa su duka a fayil ɗaya. Ranar da na fara yin wannan, umarni 300 sun fito kafin shayina ya huce, na ji kamar na ci jarrabawa. Sai na zo shigo da su, Dragon ya ce fayil ɗin a lalace yake, bai ce ina ba. Na yi kusan awa biyu ina dubawa kafin na gano wani dila ne sunan kamfaninsa yake da alamar & a tsakiya, irin wane da 'ya'yansa ɗin nan, ita kuma wannan alama a XML tana da nata ma'anar, in ka sa ta tsirara sai ta rushe fayil ɗin baki ɗaya. Harafi ɗaya, umarni 300 a ƙasa. Darasin da na ɗauka, kar ka riƙa manna rubutu da hannu kana haɗa XML, ka bar wa kayan aikin Python da aka riga aka yi don haka ya rubuta, shi ya san yadda ake lulluɓe irin waɗannan alamomin. Haka kuma haruffanmu masu lanƙwasa, ɗ da ƙ da ɓ, in ba a adana fayil ɗin da UTF-8 ba, wato tsarin adana rubutu da ya san irin waɗannan haruffan, sai Ɗanjuma ya koma wasu alamomin tambaya da tarkace.

Amma babbar matsalar wannan hanya ba ma nan take ba. Umarnin da ka shigo da su hoto ne na jadawalin a ranar da ka ɗauka. Gobe an ƙara dila biyu, an cire ɗaya, wani ya canza adireshi, sai ka sake ƙerawa ka sake shigowa, tsofaffin da aka cire kuma suna nan zaune ba wanda ya kore su, wata uku kawai ka tarar da gidan ya cika da matattun umarni.

A nan ne hanya ta biyu ta shigo, wadda da na san ta tun farko da ban yi wancan wahalar ba. Kowa ya tuna cike gurbi a jarrabawa ai? To maimakon ka rubuta "open Musa", "open Garba", "open Talatu" har sau sittin, sai ka rubuta jimla ɗaya, "open" sai gurbi, ka ce wa injin abin da zai iya shiga gurbin nan yana cikin wannan jerin. Aikin ma ka mayar da shi gurbi, jerin ayyuka biyar. Umarni ɗaya mai gurbi biyu ya maye 300. Masu harkar suna kiran wannan tsari nahawu, kuma tsohon abu ne, ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar da ma'auni a kansa tun 2004 mai suna SRGS, shi ne irin wanda layukan waya masu cewa ka faɗi abin da kake so suka daɗe suna amfani da shi. Dragon yana da jeri irin wannan a cikinsa. Akwai kuma wani ƙaramin yare mai suna Vocola da Rick Mohr ya yi, wanda a layi ɗaya tal za ka ce lamba 1 zuwa 40, sai hagu ko dama ko sama ko ƙasa, shi ke nan ka samu umarni 160 na motsa alamar rubutu. Layi ɗaya fa. In ka ga wannan sai ka gane yawancin masu neman a ƙera musu dubban umarni ba dubbai suke buƙata ba, mazubi goma suke buƙata da jeri mai kyau.

To jerin kuma wa zai riƙa sabunta shi? Hanya ta uku ke nan, kuma ita ce ainihin abin da ya cancanci a ce kwamfuta tana yi da kanta. A 1999 wani injiniyan Dragon mai suna Joel Gould ya fitar da NatLink, wata gada da take haɗa Dragon da Python, ta yadda firogiram zai iya cusa wa injin nahawu yana cikin aiki, ya canza jerin a duk lokacin da ya ga dama. A kanta aka gina Vocola ɗin, aka gina Dragonfly na Christo Butcher, wanda daga baya ya zama yana aiki da wasu injinan ma irin su Kaldi ba sai Dragon ba. Sai kuma Talon na Ryan Hileman da ya zo da nasa injin, yana aiki a Windows da Mac da Linux, umarninsa fayil ne na rubutu zalla, lafazi a hagu aiki a dama, kana adanawa yana ɗauka nan take ba sai ka kashe ka kunna ba. Da irin waɗannan sai ka ce wa firogiram ɗinka, ka riƙa leƙa foldar diloli, duk sunan da ka gani a ciki ka sa shi a jeri. An buɗe wa sabon dila folda da ƙarfe goma, goma da minti ɗaya ka kira sunansa ta buɗe. An goge folda, sunan ya fita. Haka ake yi da sunayen tagogin da suke buɗe, da lambobin waya, da sunayen shafuka a cikin Excel.

Kuma in ka lura wannan dabara ce take cikin wayarka ma ba ka sani ba. Voice Access na Android, da Voice Control da Apple suka kawo a 2019, da Voice Access na Windows 11, duk suna iya karanta abin da yake kan allo a wannan lokacin su mayar da kowane maɓalli umarni, ko su liƙa wa kowanne lamba ka faɗi lambar kawai. Ba wanda ya zauna ya rubuta musu, suna ɗauko sunayen ne daga laƙabin da mai manhajar ya sa wa maɓallansa don makafi masu amfani da manhajar karanta allo. Inda mai manhaja ya yi ganganci bai sa laƙabi ba, to maɓallin ba shi da suna, sai dai lamba.

Yauwa. Duk abin da na faɗa zuwa nan shi ne ɓangare mai sauƙi, duk wanda ya iya Python kaɗan zai gama shi a yini ɗaya. Inda ake kwana shi ne lafazi.

Ɗauki fayil mai suna Rasit_2024-03_final2. Kwamfuta ta ɗauko shi ta sa a jeri, madalla, to yaya za ka furta shi? Rubutu daban, magana daban, kuma jerin yana buƙatar duka biyun, abin da za a ce da abin da yake nufi. Sai ka koya wa firogiram ɗin ya raba kalmomi a inda aka sa layin ƙasa ko karan ɗori, ya mayar da lambobi kalmomi, ya yanke wutsiyar fayil, ya san gajerun sunaye irin na hukumomi harafi-harafi ake faɗarsu ko a dunƙule, ya kuma ba ka damar faɗin kalmar farko kawai in ba ta yi karo da wani ba. Masu Talon sun rubuta wani ɓangare guda na musamman don wannan aikin kaɗai, abin da zai nuna maka ba ƙaramin abu ba ne. Mu kuma namu ya fi nasu, domin Dragon ba ya jin Hausa, in ya ga kalmar da ba ta cikin ƙamusunsa sai ya canki lafazinta daga haruffa da kunnen Turanci. Ka ba shi Tsalha ko Ƙanƙara ko Gwarzo, abin da yake jira ya ji daban, abin da yake fita daga bakinka daban, kana ta maimaitawa kana ɗaga murya yana kallonka. Dabarar da ta fishshe ni ita ce na ƙara shafi guda a jadawalin, na kira shi yadda ake faɗa, a nan nake rubuta sunan yadda Bature zai rubuta abin da ya ji, ko kuma in ba dilan laƙabin Turanci gaba ɗaya. Wannan shafin babu firogiram ɗin da zai cike maka shi, da baki ake gwadawa ɗaya-ɗaya.

Sannan karo. Mutum in yana rubuta umarni da hannu yana jin su a kansa, zai lura wannan ya yi kama da wancan. Firogiram ba ya ji, zubawa kawai yake. Ina da Sani biyu da Sanusi da Sunusi, ina da Musa da Isa, injin kuma ba zai ce maka ya rikice ba, zaɓar ɗaya zai yi da ƙarfin hali ya wuce. Na taɓa fara wa wani wasiƙar tunin bashi a kan fayil ɗin mai kusan sunansa wanda ba a bin sa ko kwabo, Allah ya taimake ni na duba adireshin kafin ta fita. Tun daga ranar na sa wa firogiram ɗin mai gadi, kafin ya rubuta komai sai ya gwada kowane lafazi da sauran, in ya ga biyu da tazararsu ba ta wuce harafi ɗaya ko biyu ba sai ya tsaya ya ƙi ci gaba har sai na canza ɗaya. Akwai tsofaffin dabaru na auna kamannin sauti irin su Soundex da Metaphone, suna taimakawa, amma da kunnen Turanci aka gina su, don haka sai ka ƙara musu abin da ka sani game da bakinka. Mu faɗi gaskiya, da yawanmu p da f a wuri ɗaya suke fita, "copy" da "coffee" a bakina 'yan gida ɗaya ne, "pull" da "full" ma haka, to na gaya wa mai gadin ya ɗauki p da f harafi ɗaya ne, v da b ma haka. Ba abin kunya ba ne, su ma Turawan sun gano haruffansu B da D da E da P da T duk amo ɗaya suke ƙarewa da shi, shi ya sa masu Talon suka yi nasu abacada na kalmomi masu gaɓa ɗaya, "air", "bat", "cap", "drum", har zuwa ƙarshe. Wani mai rubuta firogiram, Tavis Rudd, da ya nuna yadda yake aiki da baki a taron masu Python, wato PyCon, na 2013 bayan shi ma ciwon hannu ya kama shi, yana da umarni wajen 2,000, da yawansu wasu 'yan sautuka ne da ya ƙirƙira, maimakon ya ce a danna Enter sai ya ce "slap". Mutane suna ta dariya a zauren amma hikimar a fili take, gajere ne kuma ba ya kama da komai.

Zancen 2,000 ɗin nan ya kawo ni ga abin da ba a cika faɗa ba. Shi ya gina nasa ne a hankali yana amfani da su har suka zauna masa. Kai kuwa da firogiram ya zubo maka dubu a dare ɗaya, a kan wa za su zauna? Umarnin da ba ka tuna ba daidai yake da babu, ya ma fi babu muni don yana nan yana jiran ya yi karo da wani. Abin da yake ceto shi ne tsari ɗaya da ba ya canzawa, aiki a gaba suna a baya, kullum, kalma ɗaya ga aiki ɗaya, kar yau "open" gobe "show" jibi "bring". In tsarin ya zauna ba haddar 300 kake ba, haddar kalma biyar kake, sunayen diloli kuma dama ka san su. Ni har takardar tuni nake sa firogiram ɗin ya fitar daga jadawalin guda, na manna ta a gefen allo.

Wani abin kuma, wurin aiki. Da farko duk umarnina na bar su a ko'ina, har da na turawa, kalma ɗaya tal. Wata rana makirfo yana kunne wani abokin aiki ya leƙo muna gaisawa, ban san me injin ya ji a cikin gaisuwar ba, sai gani na yi imel ɗin da ban gama ba ya tafi, rabin jimla, babu ko sallama a ƙarshe. Yanzu a jadawalin akwai shafin da nake sa alama ga duk aikin da ba a dawo da shi, turawa, gogewa, rufewa ba adanawa, firogiram ɗin kuma in ya ga alamar sai ya tilasta lafazin ya zama kalma uku, ya killace shi a manhaja ɗaya, ya sa sai an tambaye ni na tabbatar. Ka ga amfanin ƙerawa da firogiram ke nan da ya wuce sauri, doka ɗaya ka rubuta ta hau kan kowa, ba mantuwa.

Na san wani zai ce to yanzu da ChatGPT da ire-irensa me ya rage? Suna da amfani, musamman wajen rubuta ɗan firogiram ɗin da ba ka iya ba, ko ka ba su jerin gajerun hanyoyin kibod na wata manhaja su mayar maka da su fayil ɗin Talon. Amma ka gwada kowane layi, don sukan ƙirƙiro sunan aikin da babu shi su rubuta shi da cikakken tabbaci, kuma ba su taɓa jin muryarka ba balle su san me yake karo da me a bakinka.

Sai tambayar da na san tana zuwa, Hausa fa? Whisper, injin jin magana da OpenAI suka saki a Satumbar 2022, wanda aka horar da sautin awa 680,000, akwai Hausa a jerin harsunansa, sai dai rabon da ta samu a horon kaɗan ne kuma ana jin hakan a aikinsa. Meta ma sun fitar da MMS a 2023 mai harsuna sama da 1,100, ga kuma Common Voice na Mozilla inda masu sa kai suke karanta jimlolin Hausa ana tarawa. Amma ka lura da wani bambanci, irin su Whisper injinan shifta ne, ba a ba su nahawu a ce iya nan za ka ji. Rubuta abin da suka ji suke yi, kai kuma firogiram ɗinka ya ɗauki rubutun ya nemi wanda ya fi kusa da shi a jerinka. Hakan yana nufin ɗan jinkiri, sannan Whisper yana da halin nan na ƙago magana in ya ji shiru ko hayaniya, don haka dole ka sa iyaka, in kamannin bai kai kaza ba a yi watsi da shi kar a aikata komai.

Na ɗan gwada wannan a gida don nishaɗi, kuma mai gadin nan nawa na karo shi ya fara ba ni dariya, don ina zuba masa kalmomin da na zaɓa ya fara ihu. Aika da aiki, wasali ɗaya ne tsakaninsu. Na ce to a sa tura, ya ce tura da tara. Shiga da shida. Biyu da biya da biyar. Goge da goga. Ban taɓa lura da kusancinsu ba duk tsawon rayuwata ina faɗarsu, saboda mu karin sauti da tsawon wasali da abin da ake magana a kai suna raba mana su ba tare da mun sani ba, rubutunmu kuma ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, gari na zama da gari na tuwo haruffa ɗaya ne, injin da yake fitar da rubutu ya riga ya zubar da wannan bambancin kafin ya iso wajen firogiram ɗinka. Ƙugiya ma ba abin dogaro ba ce, kafa da ƙafa sau da yawa iri ɗaya suke fitowa. Don haka a jerin Hausa na sa a cire ƙugiya a daidaita haruffa kafin a gwada, na kuma koma kalmomi masu ɗan tsawo da jimla biyu-biyu, buɗe folda, rufe taga, adana takarda, share layi, lambobi kuma sai an ce lamba a gabansu, lamba shida, ta yadda ba za ta taɓa zama shiga ba.

A ofis dai har yanzu da Turanci nake ba da umarnin. Jadawali ɗaya ne mai shafi biyar, suna, yadda ake faɗa, folda, adireshi, alamar haɗari, firogiram ɗin yana dubawa duk sanda aka taɓa shi, mazubi bakwai ne gaba ɗaya. Dila ɗaya ne ya gagare mu ni da injin, na rubuta sunansa ta hanya shida ban dace ba, kullum sai ya buɗe min na wani, a ƙarshe na duba me yake saye a wajenmu na ga ya fi ɗaukar man gyaɗa, na rubuta "groundnut" a shafin yadda ake faɗa. Ranar da ya zo ofis da kansa karɓar rasit sai da na kashe makirfon na nemo foldarsa da maus.